Gani da Ji a Zanen Zambo na Mutanen Ingila

A birnin Landan akwai wani titi da ake kira Strand. A shekarar 1772, in mutum ya bi ta nan da hantsi har ya iso gida mai lamba 39, da wuya bai tarar da mutane cirko-cirko a bakin wata taga ba, kowa ya miƙa wuya yana dariya. Kantin wani mutum ne wai shi Matthew Darly, da matarsa Mary. Babbar hajarsu takardu ce, kowace ɗauke da zanen wani mutum da aka yi don a muzanta shi. Sukan jera takardun a jikin gilashin taga, mai kuɗi ya shiga ya saya, marar kuɗi ya tsaya waje ya yi kallo kyauta. Har akwai wani zane da suka buga a wannan shekara na kantin kansa, inda aka nuna masu kallo a tsaye, kowa yana dariyar wani hoto, alhali kuwa hoton da shi yake kama.

Abin da maroƙi ke yi da baki in an hana shi, shi waɗannan mutane ke yi da allura da tawada, don haka na kira aikinsu zanen zambo. Gidan Tarihi na Birtaniya ya tara irinsa da yawa, littafin lissafinsa ya ƙidaya fiye da 17,000 waɗanda aka buga kafin ƙarshen 1832. Kaɗan daga ciki zan taɓa, na tsakanin 1771 da 1783, watau lokacin da ado ya haukata samari da matan Landan, kuma Ingila ta yi hasarar ƙasashenta goma sha uku na Amurka. Masu zanen sun haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri guda, ɗaya sun gan shi da idonsu, ɗayan kuwa labarinsa suka ji. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a nan ba.

Bari mu fara da yadda ake aikin, don in ba a san wannan ba, ba a san wanda ake yi dominsa ba. Akan sami farantin jan ƙarfe a shafe shi da kaki, a zana hoton da allura, sa'an nan a zuba wani ruwa mai cin ƙarfe, ya ci wuraren da allura ta bi. A wanke, a cusa tawada cikin layukan, a ɗora takarda a matse. Wata hanyar kuma, sai a kakkarce farantin duka yadda in an buga zai fito baƙi ƙirin, sa'an nan a bi ana goge wuraren da ake son haske. Ƙaramin zane sisi ne, in an shafa masa launi sule. Manya kuwa sule ɗaya ne, masu launi sule biyu. A zamanin nan leburan gona bai cika samun abin da ya wuce sule ɗaya a yini ba. Ashe ke nan talaka rabonsa taga, mai saye kuwa sau da yawa shi ne irin mutumin da aka zana. Wani abu da zai daɗaɗa wa duk wanda ya taɓa riƙe fayil rai shi ne, tun 1735 aka yi doka, da ƙoƙarin wani gwanin zane mai suna William Hogarth, cewa wanda ke son shari'a ta tsare masa zanensa daga masu kwafa, sai ya rubuta sunan mai shi da ranar da aka buga a ƙasan takardar. Saboda haka yawancinsu suna ɗauke da kwanan wata kamar wasiƙar ofis, ana iya auna su da abin da ya faru a wannan mako.

To, a lokacin 'ya'yan manyan Ingila sun ɗauki al'adar zuwa yawon buɗe ido Faransa da Italiya. Sukan komo da matsattsun riguna na siliki, da ɗan takobi na ado, da hular gashi mai tsawo wadda aka barbaɗe da farar hoda, irin wadda ragowarta ke kan alƙalai da lauyoyinmu har yau, sai dai tasu ta yi tsiri, an kuma ɗora wata 'yar mitsitsiyar hula a ƙololuwa. Da yake sun koyo cin taliyar Italiya, sai aka laƙaba musu sunanta, aka riƙa ce da su 'yan makaroni. Tsakanin 1771 da 1773 Darly da matarsa sun buga jeri shida na zanensu, kowane jeri hoto 24. Ba wanda suka ƙyale. Har Joseph Banks, wanda ya zagaya duniya a jirgin Kyaftin Cook yana tattara tsirrai da ƙwari, sun zana shi ya wangale ƙafafu a kan ƙwallon duniya biyu, yana neman kama malam-buɗe-littafi. Wannan Banks shi ne daga baya ya shige gaba wajen kafa ƙungiyar da ta aiko Mungo Park neman kogin Kwara.

Wanda ya fi duka shahara a wannan fanni an buga shi a 1774, a kantin Sayer da Bennett. Wani tsohon manomi ne ya zo birni da takalman tafiya da bulalarsa, ya yi kiciɓis da ɗansa, ya ja da baya don mamaki. Kan yaron ya yi tsawon da sai da tsohon ya miƙa bulala kafin ya taɓo 'yar hular da ke sama. Akwai takwaransa na mace, inda wata tsohuwa 'yar ƙauye ta kasa gane 'yarta, ga kuma wani baƙin yaro a bayan 'yar yana riƙe mata ɗan karenta. A ganina waɗannan aiki ne mai kyau. Mai zanen ya san ƙafar manomi, ya san yadda take tsayawa a buɗe, ya kuma san yadda ɗan birni ke tsayawa a kan yatsu kamar zalɓe. Tsawon gashin kaɗai ya ƙara, sauran duk gaskiya ne, shi ya sa ƙarin ya yi tasiri. Kuma a ƙarƙashin dariyar akwai abin da ke ci wa mutanen zamanin tuwo a ƙwarya. Kuɗin ciniki sun yi yawa, ɗan manomi da ɗan tela suna iya sayen tufafin da a da sai ɗan sarauta, har ya zama ba a iya duban mutum a faɗi ɗan gidan wane ne. Hukuncin masu zanen kullum ɗaya ne: kowa ya tsaya inda aka haife shi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da shi.

Da yayin samari ya fara lafawa, sai na mata ya tashi. Wajen 1775 zuwa 1777 matan manya sukan cusa matashi na ulu ko gashin doki a ka, a tayar da gashinsu a kansa, a shafe da man kitse, a barbaɗa hoda, sa'an nan a soka gashin jimina. Aka zana su suna durƙushe cikin keken doki don kai ya ƙi shiga, aka zana mai kitso a kan tsani. Yawancin waɗannan, in ka ga ɗaya ka ga duka. Amma akwai guda na 1776 daga kantin Darly wanda na fifita a kan duk abin da zan ambata. Ranar 17 ga Yuni, 1775, sojan Ingila suka ƙwace wani tudu kusa da Boston, wanda ake kira Bunker Hill, daga hannun 'yan tawayen Amurka. Sun ci nasara, amma tsakanin matattu da masu rauni sun yi hasarar mutum fiye da 1,000. Sai mai zanen ya ɗauki wannan yaƙi duka ya ɗora shi a kan wata mace. Gashinta ya zama tudun, ga ganuwa hawa-hawa, ga igwa, ga tantuna, ga soja ƙanana kamar tururuwa suna harbin juna, ga tutoci masu hoton biri da dinya, can ƙasa wajen wuya kuma jiragen ruwa na yaƙi. Ita kuwa matar fuskarta lumui, ba ta san abin da ke kanta ba.

Dalilin da ya sa wannan ya yi kyau, mai zanen bai yi ƙaryar ya ga Amurka ba. Abin da ya sani shi ne Landan, inda labarin mutuwar mutum ɗari-ɗari ke isowa bayan mako biyar ko shida a cikin jirgin ruwa, a yi hirarsa a wurin shan shayi, gobe a koma zancen yayi. Wannan ya zana, kuma gaskiya ya faɗa. Da Janar Howe ya kwashe sojansa daga Boston a watan Maris na 1776, sai suka sake buga wani kan, suka ɗora masa wannan ficewar.

Yanzu sai mu haye teku tare da su, mu ga abin da ya faru da hannunsu sa'ad da ido ya daina yi masa jagora. Rigimar ta haraji ce. Majalisar Ingila ta ɗora taro a kan kowace laba ta ganyen shayi, mutanen Amurka suka ce ba su da wakili a majalisar, don haka ba ta da ikon ɗora musu. Ranar 16 ga Disamba, 1773, aka zubar da akwati 342 na shayi a tashar jiragen Boston. Cikin Janairu na 1774, a tsakiyar sanyi, taron mutane suka kama wani ma'aikacin kwastan, John Malcolm, suka tuɓe shi, suka shafe shi da baƙin ƙaron da ake liƙe jirgin ruwa, suka barbaɗa masa gashin tsuntsu, suka yi ta ɗura masa shayi. Wani kanti a Landan, na Carington Bowles, ya buga zanen abin da suna mai ma'anar sabuwar hanyar yin ɗan makaroni kamar yadda ake yi a Boston. Watau gashin tsuntsun nan da aka liƙa wa mutum don azaba, shi ne adonsa. Ka ga ma'aunin da suke da shi ke nan guda ɗaya, na tufafi, kome ya zo da shi za su auna, ko da fatar mutum ce ta saluɓe.

Misalin da ya fi nuna wannan rauni shi ne na matan Edenton, wani ƙaramin gari na bakin ruwa a Karolina ta Arewa. Ranar 25 ga Oktoba, 1774, mata 51 suka sa hannu a takarda cewa sun goyi bayan shawarar da wakilan ƙasarsu suka yanke ta ƙin kayan Ingila, shayi da tufafi. Labarin ya fito a jaridar Landan, kuma a watan Maris na 1775 Sayer da Bennett suka buga zane a kansa, wanda ake kyautata zaton aikin Philip Dawe ne. Ga mata sun kewaye tebur. Shugabarsu mummuna ce, fuskarta ta namiji, tana riƙe da 'yar guduma. Wata kyakkyawa ta sunkuya za ta sa hannu, wani namiji ya rungumo ta. A baya wasu suna juye ganyen shayi, wata ta kafa kai a kwanon giya. A ƙarƙashin tebur an yar da jariri, kare yana lasar fuskarsa, yana kuma fitsari a kan gwangwanin shayi. Ta fuskar gwaninta ba laifi, an cika takardar da abin kallo, haske da duhu sun zauna daidai. Amma dubi kawunan matan. Waɗannan da suka yi alkawarin barin kayan Ingila, sai ga wasunsu da tulin gashi da ado irin na Landan. Mai zanen ba shi da matan Edenton a idonsa, sai ya ɗauko matan da ya saba zanawa ya sake musu suna. Zambon nasa ma tsohon nan ne na manomi da ɗansa: mace ta bar wurinta ta shiga sha'anin mulki, ga abin da ya sami ɗanta. Ko hujjarsu ta haraji daidai ce ko kuskure, bai taɓa wannan ba ko kaɗan.

A cikin wannan zane akwai mutum ɗaya da idona ke komawa kanta kullum. Bayan shugabar wata baƙar baiwa tana tsaye, tana riƙe da tire mai kurtun tawada, watau ita ke miƙo abin da za a rubuta takardar neman 'yanci da shi. Mai yiwuwa da gangan aka sa ta, don a yi wa mutanen Amurka habaici cewa masu kukan an bautar da su, su ne masu bayi. In haka ne, habaicin ya sami wurin zama. Sai dai laifi tudu ne. A waɗannan shekaru ba wata ƙasa da ta kai Ingila jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, jiragen Liverpool da Bristol da Landan ne ke kai su, kuma sukarin da mai sayen zanen ke zubawa a shayinsa, su suka noma shi a Jamaika da Barbados. Wannan bai cika shiga taga ba sai can wajen 1791 da 1792, lokacin da maganar hana cinikin bayi ta riga ta cika majalisa, irin su James Gillray suka ga akwai kasuwa a ciki.

Can cikin ƙasa kuma, bayan garuruwan bakin teku, inda gonakin Turawa 'yan ƙaura suka yi iyaka da daji, akwai mutanen ƙasar na asali waɗanda Turawa suka kira Indiyawa. A nan jahilcin masu zanen ya fi yawa, don ba su ɗauke su mutane masu sha'anin kansu ba, alama kawai suka mai da su. In suna son su nuna Amurka, sai su zana mace da gashin tsuntsu a ka da ƙugu. Akwai wani na farkon 1776 inda wannan mace ke dambe da uwarta Ingila, uwar ta sha ado da tulin gashi, itacen da ke gefenta ya bushe, na gefen 'yar kuwa ya yi ganye. Mai wannan zane yana bayan Amurka ne, Ba'indiyarsa kyakkyawa ce. Da aka zo sulhu a 1783, sai wani kanti, na William Humphrey, ya buga zanen da ke kukan an yashe Turawan Amurka da suka tsaya wa Sarki. A nan kuma Indiyawa ne ke rataye su a itace, suna feɗe musu fatar kai, suna sara da gatari. Su ma ɗin alama ce ta 'yan tawaye.

Abin takaici, ainihin lamarin kusan kishiyar wannan ne. Yawancin ƙabilun da suka shiga yaƙin bayan Sarkin Ingila suka bi, don suna tsoron 'yan ƙaura za su cinye musu ƙasa. Cikin ƙabilu shida na ƙawancen Irokwa, huɗu sun yi yaƙi tare da sojan Ingila. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Faris a 1783 kuwa ba ta ambace su ko sau ɗaya ba, ta miƙa wa Amurka ƙasar har bakin kogin Misisipi kamar ba kowa a ciki. In akwai wanda aka yasar a wannan shekara, ai su ne. Kuma ba za a ce masu zanen ba su da hanyar sani ba. Joseph Brant, jagoran yaƙin ƙabilar Mohok, ya zo Landan a ƙarshen 1775 ya zauna watanni, ya ga Sarki George na Uku, George Romney ya zana hotonsa. Mutum ne mai jin Ingilishi, mai karatu da rubutu, wanda ya fassara Linjilar Markus da harshensu. Irinsa ba shi da amfani a taga, don ba ya ba da dariya, ba ya ba da tsoro.

Saura mutum ɗaya wanda ado da mulkin mallaka suka haɗu a jikinsa, kuma shi ba daga nesa aka ji labarinsa ba, a titin Landan yake yawo. An haifi Julius Soubise bawa a tsibirin St Kitts wajen 1754, aka kawo shi Ingila yana ɗan shekara goma, aka ba matar wani babban basarake, Duke na Queensberry. Ta 'yanta shi, ta shagwaɓa shi, aka koya masa hawan doki da wasan takobi har ya zama mai koyarwa, ya kuma zama ɗan gaye na ƙin ƙarawa. A watan Satumba na 1772 Darly ya buga zanen wani baƙin ɗan makaroni wanda ake ɗauka shi ne. Wata uku kafin wannan, babban alƙali Lord Mansfield ya yanke hukunci a shari'ar James Somerset cewa ubangida ba shi da ikon fitar da bawansa daga Ingila da ƙarfi, zancen baƙaƙen Landan yana bakin kowa. In ka sa yatsa ka rufe rubutun da ke ƙasan zanen, abin da za ka gani saurayi ne tsaf-tsaf, da sanda da takobi, yana tafiyarsa. Kan ɗan manomi sai da aka ƙara masa tsawo kafin ya zama abin dariya. Wannan kuwa an ga baƙar fata cikin tufafin manya ta isa. Zambon duka yana cikin sunan da aka sa masa, Mungo, sunan wani bawa abin ba'a a wani wasan kwaikwayo da aka yi yayinsa tun 1768. Ga shi sun gan shi da ido, hannu ya zana abin da ido ya gani, amma da aka zo sa suna sai aka koma ga abin da aka ji a gidan wasa.

Ba wai ina wanke Soubise ba ne. Almubazzari ne, kuma Ignatius Sancho, wani baƙar fata mai hankali wanda daga baya ya buɗe kanti a Westminster, ya rubuta masa wasiƙa a wannan shekara ta 1772 yana yi masa faɗa, yana tuna masa halin da 'yan'uwansa bayi ke ciki. A 1777 ya bar Ingila cikin zargi mai muni, cewa ya yi wa wata ma'aikaciyar gidan fyaɗe. Ya tafi Indiya, ya buɗe makarantar hawan doki da wasan takobi a Kalkata, a can doki ya kā da shi ya mutu a watan Agusta na 1798. Zanen Darly yana nan a ajiye a Gidan Tarihi na Birtaniya, da ranar da aka buga shi da sunan mai kanti kamar yadda doka ta ce, sunan Soubise ne kaɗai babu a jiki.